Baƙuwar da ta zauna a kan ganye na takwas

Benaulim, Goa
9 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Leocadia,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, Ubangiji ya tsare ki da sanyin Lisbon. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ciwon gwiwarta, bakinta kuwa ko gezau. Maigidana Bostiao ya gyara kwalekwalensa, kuma an ɗaura auren 'yata Zelia ranar Asabar. Na san shekara goma sha ɗaya ke nan ba ki yi mini magana ba, tun da na mayar da ɗakunan sama masaukin 'yan yawon buɗe ido, kika ce na sayar da gidan kakanninmu ga masu gajeren wando. Ba don mu tayar da wannan na rubuto ba, Yaya. Tsoro ne ya sa ni.

Ranar Talata kafin bikin mun yi ciyarwar mamata kamar yadda aka saba. Mama ta lissafa mutum bakwai da suka riga mu gidan gaskiya, aka gayyato talakawa bakwai su zauna a madadinsu, tsoho a gurbin Baba, tsohuwa a gurbin Kaka Ermelinda, haka dai. Ni da hannuna na shimfiɗa tabarma a zaure na jera ganyen ayaba bakwai. Da na dawo daga kicin da tukunyar miyar kifi, sai na tarar da takwas. Na yi wa Bostiao tatas, na ce ko ƙirga bakwai ya gagare shi, shi kuma ya rantse bai taɓa ganyen ba.

Rana tsaka ce, zafi kamar ya narkar da mutum, sai ga motar masu yawo ta tsaya a gaban coci. Kin san halinsu, su zagaya suna ɗaukar hoton tsofaffin gidaje kamar ba mutane a ciki. Wata Baturiya mai furfura, kamar sa'arki, ta bar 'yan'uwanta ta nufo gidanmu kai tsaye. Ina kallonta ta hau matakala, ta tsallake ta uku. Yaya, matakalar nan da ta karye muna yara, an gyara ta shekara tara da suka wuce, ba wanda yake tsallake ta yanzu. Ta cire takalmi a inda kike cire naki, ta taɓa kan mutum-mutumin waliyyi Santo Antonio da yatsa biyu, ta zauna a gaban ganye na takwas.

Na buɗe baki zan sallame ta, Mama ta riƙe mini hannu, ta ce ba a tayar da wanda ya zauna a wannan tabarma. Na zuba mata shinkafa da miyar kifi da kwakwa. Ta ture kwakwar gefe, ta fara da kan kifin, tana tsotsar idon irin abin nan da Baba yake dukan hannunki a kai. Sauran bakwan duk suka daina ci. Da ta gama ta ɗago ta dube ni, ta ce da harshenmu, da muryar unguwarmu: "Petu, har yanzu kina cika gishiri. Amma na ƙoshi, na kuma huce."

Ba mai kirana Petu sai ke. Can sai ga mijinta ya shigo yana haki yana ba da haƙuri. Ta dubi hannunta da miya, ta dube mu, ta fashe da kuka, ta ce ba ta san yadda aka yi ta shigo ba. Shi kuma ya ce kwana biyu kacal suka yi a Goa, matarsa ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu, kifi ma ba ta ci.

Tun ranar nake kiran lambarki, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na tambayi iyalan Fernandes da ke can Lisbon, sun ce rabonsu da ganinki tun Nuwamba. Mama ba ta yi kuka ba, sai dai ta ciro baƙar rigarta ta goge, ta je wurin limamin cocinmu Fada Inacio ta ce a sa sunanki cikin addu'ar mamata. Na bi shi har gida na roƙe shi ya dakata zuwa ƙarshen wata, ya yarda.

Don haka ki rubuto, Yaya, ko layi ɗaya ne. Ki zage ni, ki kira ni mai sayar da gida, wallahi zan rataye takardar a zaure. Na fi son fushinki sau dubu da wannan hucewar.

Zelia da angonta suna gaishe ki, haka Bostiao da Goggo Piedade. Mama ba ta ce a gaishe ki ba, ta ce kin riga kin zo.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Perpetua