Wa Ke Ji a Kan Layi

Kwarbai, Zariya
3 ga Yuni

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin ƙasar Larabawa? Mu nan lafiya lau. Damina ta sauka, katangar bayan gida ta sake zubewa a inda ta saba zubewa.

Ka yi haƙuri da doguwar imel kamar wasiƙar zamanin gidan waya, maganar ba ta layi biyu ba ce. Inna ce. Tana cin abinci, tana sallarta a tsaye, amma mantuwa ta fara yi mata yawa. Daga safe zuwa azahar Inna ce sak, har da faɗan an bar randa a buɗe. Da la'asar ta yi sai ta fara tambayar ko Baba ya shigo daga zaure, mutumin da ya shekara tara a ƙasa. Shekaranjiya ta kira ni da Hassana, sunan ƙanwarta. Likita ya ce abin ba ya komawa baya.

Ka san da yake kai ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunanka ba. Tun da aka yaye ka aka kai ka riƙo wurin Gwaggo Tayyiba a Ƙofar Kibo, a bakin Inna kai ne "na Ƙofar Kibo". Jiya ta ce, "Na Ƙofar Kibo bai aiko ba?" Na tsaya ina kallonta, don wallahi ban san ko kunyar nan ce ta da ba, ko kuwa sunan ne ya gudu mata. Na kasa tambaya.

Ta kuma ce tana da magana da kai, amma ba a wayar da Larabawa ke ji ba. Wannan laifinka ne, kai da gaskiyarka mai yawa. Kai ka gaya mata layin da kamfaninku ya ba ka suna da ikon sauraronsa, kuma tun ranar ba ta wuce "lafiya lau" sai ta miƙo mini waya. Kira ta intanet ka ce an toshe a can, hutunka kuma sai Disamba. Ni dai ban san wace Inna za ka tarar a Disamba ba.

Wata malama a makarantarmu ta ce mijinta da ke can yana kiranta da wani abu wai shi VPN. Kai ne injiniya, sai ka bincika. Mutanen gida na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Sailuba


11 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Sailuba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. A gaishe da Inna da kyau, Allah ya ba ta lafiya.

Na karanta wasiƙarki a wurin aiki, na kasa ƙarasa abincin rana. Na nemi a matso mini da hutu, an ce takardar zamana na wurin sabuntawa, ba fita sai ta fito.

Na bincika abin da kika ce. VPN manhaja ce da ke ɗaukar abin da mutum ke yi a intanet ta kulle shi, ta bi da shi ta wata tasha a wata ƙasa, sai ya zama kamar daga can yake. Na sayi waya tawa ta kaina don kada in taɓa ta kamfani, na gwada guda uku a kan abu uku: sirri, sauri, da buɗe hoto.

Ta farko ta kyauta ce. Kafin ta buɗe sai da ta nemi izinin ganin lambobin wayata da hotunana, ga talla kamar bakin kasuwa. Wadda aka ɗauka don ta rufa asiri ta fara da leƙen aljihu, nan take na goge ta. Ta biyu, mai jan tambari, tana da sauri ƙwarai. Amma na zauna na karanta sharuɗɗansu har ƙarshe, abin da na tabbata ko su ba su yi ba, na tarar suna ajiye lokacin da mutum ya shiga da inda ya shiga daga. Ta uku shuɗiya ce, ba ta kai ja gudu ba, amma sun ce ba sa ajiye komai, kuma sun sa rahoton wasu masu bincike na waje da suka duba. Ita na riƙe.

Wajen gwajin hoto na zaɓi tasharsu ta Legas, sai ga gidan talabijin ɗin nan na Kaduna da ba ya buɗuwa a nan ya buɗe. Wani ɗan jarida ne ke hira da manoma kan takin zamani, kuma a bayansa dutsen Kufena ne, kore shar. Hoton ya tsaya sau biyu, ban ji haushi ba, don a kan dutsen ya tsaya. Na kalli maganar taki har ƙarshe.

Ina ta canza tasha ina neman wadda ta fi, sai na tuna Baba a zaure, babbar riga a cinya, allura a baki, yana murɗa rediyo yana gyara wayar eriyar da ya ɗaure a ƙusa. Ranar Juma'a kenan, in Gwaggo ta yi mini wanka ta sa mini hula, muka bi gindin ganuwa muka zo gaisuwa. In na durƙusa a ƙofar ɗaki, Inna sai ta juya tana gyara kwanukan da ba su ɓaci ba, ta ce wa bango, "A ba yaron nan fura." Ke ba ki san wannan Innar ba, ke 'yar auta ce, a cinya kika girma.

Akwai wani tsari a shuɗiyar da ke bi da kira ta ƙasa biyu maimakon ɗaya, don ƙarin sirri. Shi zan kunna. Ki shirya ta ranar Asabar da hantsi.

Na bar ku lafiya.
Yayanki,
Abdulbaƙi


Kwarbai
14 ga Yuni

Yaya,

Salam, da fatan ka wuni lafiya. Ni ban wuni lafiya ba, kuma kai ka jawo.

Ka ga an kashe waya ba sallama, to ga abin da ya faru a nan. Inna ta yi wanka tun safe, ta ɗaura zanen nan nata na saƙi da ba ta fito da shi sai da dalili. Fuskarka ta fito, ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta ce an kwana lafiya. Shiru. Bakinka bai motsa ba. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, sannan ka amsa. Ta ce ina gajiya, ka sake yin shiru. Kafin amsarka ta iso ta riga ta tambayi aiki, sai muryarka ta hau kan tata, kamar ka katse ta da gangan. A ta huɗu ta ajiye mini wayar a cinya ta shige ɗaki.

Na bi ta ina cewa na'ura ce, maganar ce ke yin doguwar tafiya. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Shekara saba'in da biyar tana gaisawa da mutane, ta san mai amsawa da zuciya ɗaya, ta san wanda sai ya haɗiye wani abu kafin ya amsa. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji a bakinta ba: "Yana riƙe da ni. Ya ga kamar ba da shi na yi don ba na so." Ba ta ci abincin rana ba.

Abin takaicin, Inna da ke manta inda ta ajiye carbi, wannan ba ta manta ba. Da magariba ma sai da ta sake ta da maganar.

Ka bi da gaisuwar mahaifiyarka ta ƙasa biyu don kada Balarabe ya ji "ina gajiya". Allah ya shirye ka, injiniya. Ka koma ja mai gudun nan, su ajiye abin da za su ajiye. In kuma ta tambayi wa ke ji, don na san za ta tambaya, ka ce babu kowa, a wuce wurin. Ba a karanta wa tsohuwa sharuɗɗa.

Taka,
Sailuba


16 ga Yuni

Ƙanwata Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Kin yi gaskiya, kuskurena ne. Na auna saurin da lambobi, lambobin suka ce ya isa kira. Ban auna shi da gaisuwa ba. A nan in magana ta yi jinkiri ba wanda ya damu, na manta cewa a gidanmu amsa tana fara fitowa tun tambaya ba ta gama sauka ba.

Na kashe tsarin ƙasa biyun. Na bi tashoshin shuɗiyar ɗaya bayan ɗaya, ina kiran Malam Nasidi, abokina na Tudun Wada, muna gaisawa tun daga kwana har iyali har ruwan sama. Ya ɗauka na taɓu. Ta Legas da ta fi kyau wajen hoto tana sarƙewa wajen murya. Wata da ke kusa da nan ce ta fi, ba a jin tazara sai in an kasa kunne. Ba sai na koma ja ba.

Amma ba zan ce mata babu kowa ba. Ban taɓa yin doguwar magana da Inna ba, ba zan fara ta da ƙarya ba. Don Allah ki karanta mata wannan da safe, kalma da kalma, kada ki gyara:

"Inna, ina gaisuwa. Shirun ranar Asabar ba nawa ba ne, na hanya ne, kuma na gyara. Ban taɓa riƙe ki da komai ba. Batun wa ke ji: mutanen wurin aikina ba sa ji, masu masaukina ba sa ji. Masu hanyar sun ce maganar a kulle take wucewa, kuma ba sa rubuta wanda ya wuce. Wasu sun duba sun ce haka ne. Ni ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Akwai ƙarya ɗaya a ciki, ke zan gaya wa. Na riƙe ta, ina yaro. Akwai Juma'ar da na ƙi shan furar, na zauna a zaure wurin Baba har Gwaggo ta gama hira. Ina jin ki a ciki kina kuka tana lallashinki da sunanki, har da kirari. Wannan ya wuce tun tuni, amma tunda na ce ba zan fara da ƙarya ba, ki cire layin nan ki sa, "Ba na riƙe da ke da komai."

In ta yarda, ita ta zaɓi rana da lokaci. Ko ina tsakiyar aiki zan fito.

Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi ke kaɗai.
Yayanki,
Abdulbaƙi


Kwarbai
20 ga Yuni, Juma'a

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a, ko da yake ka riga mu.

Na karanta mata ranar Talata yadda ka ce. Ta sa na maimaita wurin "ba zan rantse ba". Ta daɗe tana murza bakin zane, sannan ta ce da ka ce babu kowa da ba ta yarda ba, don babu hanyar da ba ta da mai gadi. Ta ce halin Baba ne, shi ma bai taɓa cewa riga za ta gamu ranar da ba za ta gamu ba. Na janye maganata, amma kada ka saba.

Sauran tsaron ita ta yi abinta, kuma ta fi kamfaninka iyawa. Ita ta zaɓi lokacin da maza suka tafi masallaci. Ta aiki matar ɗan'uwanmu Hamisu gidan suna da yara duka. Ta sa na kunna rediyo a tsakar gida na ƙure murya, na jingina mata wayar a jikin kwalla, na nuna mata jan wurin da ake taɓawa in an gama. Sannan ta ce in fita in saki labule, in zauna a bakin rijiya inda za ta hango ƙafata ta ƙasan labule.

Gaisuwar farko kawai na ji, na kuma ji amsarka ta zo a kan lokaci. Daga nan huɗuba ce a rediyo har aka idar. Minti arba'in da wani abu. Ta fito idonta ja, ta ce wa ya bar tsintsiya a hanya. Ta ci tuwo sosai. Da la'asar ta tambayi Baba kamar kullum, na ce yana zaure.

Yaya, ban tambaye ta ba, na san ba za ta faɗa ba. Kai ma ba na ce ka gaya mini duka ba. Amma ni ke kwana da ita ina tashi da ita, ina kallon abubuwa na fita daga kanta ɗaya bayan ɗaya, kuma tun farkon wata tambaya ɗaya ke cina. Sunan nan, yana nan ko ya tafi?

Ina jiran amsarka.
Ƙanwarka,
Sailuba


21 ga Yuni

Sailuba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka.

Yana nan. Ta faɗe shi sau ɗaya, a hankali, tana kallon ƙofa. Ta ce kullum bayan sallar asuba tana maimaita shi a ranta don kada ya bi sauran, shekara arba'in da tara tana ajiyarsa ba ta taɓa amfani da shi ba. Ta ce gara ta ba ni tun yana hannunta.

Sauran maganar na yi mata alkawari, ki yi haƙuri. Ba na jin za ta sake faɗa, kuma kada ki sa ta.

Ki shirya ta Juma'a mai zuwa, lokacin da ta zaɓa.

Yayanki,
Abdulbaƙi