Itacen Ɗorawar da Kika Hana a Ƙona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan Allah ya kai haske makwancinki, ni ne Autanki. Na san wannan takarda ba za ta iso inda kike ba. Masu karanta ni a waya ne za su gani, wasunsu ma 'yan garinmu ne nan ƙasar Kunci. To, su gani. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki ina ɗauke da magana, yau zan sauke ta.

Inna, na je an duba ni.

Kin tuna ɗorawar gonarmu ta bayan gari, wadda iskar farkon damina ta kayar shekarar da na auri Rabi? Kika sa aka faskara ta, aka jera a bayan ɗakinki bisa duwatsu, kika rufe da tsohon kwano. Kika ce itacen wankan jegon Rabi ne, duk wanda ya zari ko tsinke, ku haɗu. Ko lokacin da aka kwana uku ana ruwa, kin gwammace a yi tuwo da jiƙaƙƙen kara, gida ya cika da hayaƙi muna ta tari. Duk sabon wata sai kin zuba toka a gindinsa saboda gara.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Rabi ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta shaƙi turare iri-iri. A gidan suna mata suna yi mata kallon tausayi, ta dawo ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Ke kuwa ban taɓa jin kin ɗora mata laifi ba. A lokacin na ɗauka haƙuri ne kawai irin naki.

Wata safiya ina wasa fartanya kusa da itacen, kika zo da kaskon toka. Ba ki dube ni ba, kika ce, "Auta, kai ma ka je a duba ka." Inna, na ji kamar kin mare ni a kasuwa. Ni da nake gama noman kunya goma kafin sa'o'ina su gama shida? Kwana bakwai na yi ban ci tuwonki ba. Ba ki sake tayar da maganar ba har kika koma ga Allah, kuma kwanakin nan bakwai har gobe suna ci mini rai.

Bayan an yi addu'ar arba'in ɗinki, na leƙa bayan ɗaki na ga Rabi durƙushe tana zuba toka a gindin itacen, ba wanda ya sa ta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. A satin na hau mota zuwa Kano.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba magana ce tsakanin ɗa da uwa ba. Likita ya ce babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ruwan jikina. Sai ya tambaye ni ko na taɓa yin hangum bayan na balaga. Yana rufe baki na gan ni kwance a ɗakinki ina ɗan shekara goma sha shida, kumatuna sun sha shuni, kumburin ya sauka ƙasa har ba na iya haɗa ƙafa. Na ga hannunki da tsumma mai sanyi, na ga irin kallon da kike yi mini. Ashe kina ɗauke da wannan zargi duk shekarun nan, kina jira in girma in iya jin sa.

Likitan ya ce ba a rufe ƙofa ba tukuna. Akwai tiyata da ake yi, a buɗe maraina a duba da madubi mai ƙara girman abu, ko Allah ya sa akwai wani lungu da ciwon bai kai ba. In an samu, a haɗa da ƙwan Rabi a can wurinsu, sannan a mayar mahaifarta. Ya kuma ce ana iya buɗewa a rufe hannu wofi. Na je wurin Malam na masallacinmu, kaina a sunkuye. Ya ce muddin nawa ne da na matata, kuma da aure a tsakaninmu, neman magani ne kamar kowane.

Da suka yi mini allurar barci, ke na gani. Ɗorawar nan ta miƙe ta koma tsaye, jajayen furanninta suna lilo ba iska. Kina zaune a gindinta kan tabarma, da tulin ƙaiƙayi a gabanki, kina tonawa da yatsa a hankali kamar ba ki da wani aiki a duniya. Na so in ce miki ki bari, babu komai a ciki, bakina ya ƙi buɗuwa. Can kika ɗago, kika nuna mini tafin hannunki da 'yan tsabar gero. Kina murmushin nan naki na "ai na faɗa maka".

Na farka Rabi tana riƙe da yatsan ƙafata ta cikin mayafi. Likita ya ce sun samu, kaɗan ne, sun adana su cikin sanyi.

Karo na farko cikin bai zauna ba. Muka dawo gida a motar haya, Rabi ta wuce bayan ɗakinki ta daɗe a can. Karo na biyu, bayan an gama girbi, Allah ya dube mu.

Inna, yau kwananta goma sha tara a duniya. Mace ce. Sunanki na sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sa, Inna ƙarama muke ce mata. Tana da goshinki, kuma da alama da faɗanki, don in ta fara tsala kuka har tumaki sai sun tsaya.

Da muka ɗage kwanon, gara ta riga ta cinye fiye da rabi duk da tokarku. Abin da ya rage ya bushe ƙayau, yana kama wuta da ashana ɗaya. Safe da yamma babbar tukunyarki tana tafasa, Gwaggo Asabe ƙanwarki tana yi wa Rabi wanka da ganyen darbejiya. Malamar asibiti ta gargaɗe mu kada ruwan ya cika zafi, Gwaggo tana ta mita amma tana surkawa. Ni kuwa sai in sami kaina tsaye cikin hayaƙin kamar marar aiki, don ƙamshinsa ƙamshin zaninki ne.

Ɗazu da safe saura guntu ɗaya. Na ɗauka na riƙe, na kasa sa shi a murhu. Na ce zan ajiye shi, in sayo wani a kasuwa. Rabi ta fito da yarinyar a kafaɗa, ta ce, "Sa shi, ai don yau ta ajiye." Na sa, Inna. Na zauna ina kallo har ya zama toka, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ki.

Ki yafe mini kwana bakwai ɗin nan. Rabi ma na roƙe ta gafarar shekarun da ta ɗauki abin da ba nata ba, kuma ga shi na faɗa a gaban kowa.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mini da tsumman nan. Allah ya raya takwararki bisa imani, ya haɗa mu a inuwar da ba ta faɗuwa. Amin.

Naki, mai taurin kai,
Auta