Wani Ya Taɓa Tukunyarmu Daga Nesa

Zuwa ga Mai Girma Darektan masana'antarmu ta man gyaɗa, Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da tukunyar tururi a aikin safe, shekarata goma sha ɗaya a kanta. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun shugaban sashenmu, na ji shiru, shi ya sa na fito fili.

Ranar Talatar da ta gabaci Babbar Sallah, da hantsi, ina zaune gaban kwamfutar da ke sarrafa tukunyar, hannuna riƙe da kofin shayi, sai na ga kibiyar allo tana tafiya ita kaɗai. Ta ƙara wuta, ta rufe mafitar tururi. Na buɗe, aka sake rufewa. Allurar ma'auni ta doshi ja. Bulus, abokin aikina mutumin Mayo-Ulo, shi ya ruga ya murɗa famfon mafitar tururin da hannu, tururi ya saɓule masa fatar damtse. Mu tara ne a zauren, bayan katanga kuma gidajen mutane ne. Abin da na samu daga ofis shi ne takardar tuhuma, wai sakacina ne.

Ga abin da kowane ma'aikaci ya sani:

1. Lambar sirrin kwamfutar tana rubuce a takarda, manne a jikin allo. Tun ranar da aka kafa injin ba a sauya ta ba. Har waɗanda aka sallama sun tafi da ita a ka.

2. Injiniyoyin da suka kafa injin suna shiga kwamfutar ta intanet daga birnin Dwala su yi gyara. Na kira su, sun rantse ba su ba ne. To, wa ya bi ta ƙofarsu?

3. A jikin wannan kwamfutar ake cajin waya, a ita ake kallon ƙwallo da hutun rana. Ni ma na taɓa yi, ba zan ɓoye ba.

Tun daga ranar, ko ban ɗaki ba na iya zuwa da kwanciyar rai. Matata tana tsayawa bakin ƙofa in zan fita, tana bina da kallo. Wanda ya taɓa tukunyar ba mu san shi ba, kuma babu abin da aka sauya da zai hana shi dawowa.

Ina roƙonka a raba kwamfutar da intanet, sai ranar gyara, da saninmu. A ba kowa lambarsa. A kawo masani ya bincika. A ɗauki nauyin jinyar Bulus, a kuma janye takardata.

Allah Ya tsare ka, Ya yi maka jagora. Gobe da safe ni ne a gaban tukunyar, da mutum takwas a bayana.

Wassalam.

Mai kula da tukunya, aikin safe.