Na Shanya Faya-fayan Baba a Rana

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara. Abin nan ya hana ni sakat, ko keken ɗinki na hau sai in tarar na ɗora hannun riga a baibai.

Mahaifina gyaran rediyo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Bai tara komai ba sai faya-fayan garmaho na kiɗan ƙasashen waje, su jaz da buluz da sol, ɗari uku da ɗoriya, shekara arba'in yana tsinto su ɗaya-ɗaya. Muna yara ko kantar da ya jera su ba ma raɓa. Shi kaɗai ke zaro faifai daga kwalinsa, ya tallafe shi ta gefe, ya hure, ya goge. Marigayiya Mama takan ce da faifai na cin abinci, da mu sai dai mu kwana da yunwa.

Bara ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi, idonsa ma ya tafi. Yana asibiti rufin ɗakinsa ya yi yoyo, na je na tarar kwalayen sun yi fumfuna. Ni kuwa abin da na sani, kayan da suka sha danshi rana ake ba su. Na zare su duka, na baje a tsakar gida kamar katifa, na tafi shago ina jin na yi abin kai. Da na dawo la'asar sun lanƙwashe kamar busasshen ganye. Anti, a nan na zauna na yi kuka har muryata ta dushe.

Yanzu Baba yana wurina, kuma likita ya ce mu yi ta addu'a kawai. Kullum faifai ɗaya yake nema, mai shuɗin kwali, wanda yake sa wa Mama in ta yi fushi. Shi ma wannan faifan bakinsa ya karkace a ranar. Sai nake kunna waƙoƙin a waya, in ɓoye ta a bayan garmaho. Shekaranjiya ya ce a waƙa ta uku, bayan mai ƙaho ya yi shiru, allurar garmaho takan yi tsalle, amma yau ba ta yi ba. Sai ya juya fuska bango. Tun ranar bai sake nema ba.

Yayana ya ce in na faɗa wa Baba gaskiya, ni na ƙarasa shi. Ni kuma ina tsoron ya tafi ina yi masa ƙarya. Yaya zan yi?

Tela mai nadama

Ƙanwata, sannu. Ki fara raba abu biyu da kika cakuɗa. Shanyar kuskure ce, ƙauna ta sa ki, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Wayar bayan garmaho kuwa da saninki kike ajiye ta kullum, ita ce ke cin ki.

Yayanki ba mugunta yake yi ba. Tsoronsa gaskiya ne, mai irin wannan ciwo ba a jefa masa labari kamar dutse. Don haka ki tambayi likita tukuna, ki zaɓi safiyar da jikin ya yi sauƙi, yayan naki yana kusa. Amma inda na saɓa da shi, Baba ya riga ya sani. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gano cutar rediyo da kunne, waya ba za ta ruɗe shi ba. Ban jin faifai ne ya sa shi juya fuska bango. Ya gane cewa tun da idonsa ya tafi an fara yi masa wasan yara, kuma ke ce kike yi.

Ki faɗa masa a taƙaice, ban da dogon kuka da zai sa shi koma lallashinki. Zai iya yin fushi, ki bar shi ya yi, kayansa ne.

Faya-fayan kuma, kul kika kai musu dutsen guga ko kika mayar da su rana. Ki jera su a tsaye a inuwa, ki nemi mai harkar tsofaffin faya-fayai ya tantance. Wasu sun tafi ke nan, ba zan yi miki daɗin baki ba. Amma wanda bakinsa kaɗai ya karkace, sau da yawa waƙoƙin ciki suna nan. Wannan ma Baba ya fi ni sani, ki tambaye shi.

Kada ki jira mako mai zuwa. Ki ɗora masa mai shuɗin kwalin a tafin hannu ya shafa da kansa, sannan ki sa allura a waƙa ta uku. In ta yi tsalle, ki bar ta ta yi. Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.