Na rantse wa maigidana cewa awona daidai ne, ya daina yarda da idonsa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni makanikin manyan injuna ne, ɗan Ikara. Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne ɗan Likoro, zan kira shi Baba Sule. Shekara tara ina ƙarƙashinsa. A babban inji akwai ramuka a jere da boris ke zama, shaf, wato dogon ƙarfen da ke juyawa, ya ratsa ta cikinsu, kuma dole su miƙe a layi ɗaya, in ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, shaf zai yi ta wahala har ya karye. Baba da siririyar waya yake awo, ya ɗaure ta tamau da dutsen nauyi, ya bi rami rami. Dokarsa ɗaya ce: in ka gama, ka koma ramin farko kafin ka kwance waya, in bai ba ka abin da ya ba ka da fari ba, duk awonka ya tashi a banza. Daga baya na je Kaduna na koyi aiki da leza, na'urar da ke harba siririn jan haske ta cikin ramukan, lambobi su fito a allo. Na dawo ana ce mini Injiniya, kaina ya kumbura.

Bara wani Alhaji mai kamfanin casar shinkafa a hanyar Maƙarfi ya sa Baba ya yi wa babban janaretonsa garambawul. Baba ya auna ya ce rami na huɗu ya kauce, sai an kai Kano an gyara, kusan sati uku. Ga kaka ta kama, ga motoci a layi. Sai Alhaji ya kira ni. Na kafa leza, na auna uku, muka tafi azahar, na dawo na ƙarasa huɗun da suka rage. Duk lambobin suka yi kyau. Tun ban koma ramin farko ba na buɗe baki na ce, "Alhaji, lafiya lau, zamanin waya ya wuce." Ma'aikata suka yi dariya suna tafi, Baba yana tsaye da tsumma a hannu. Da na koma ramin farkon sai na ga lambar ta canza. Ashe tirelar da ta shigo sauke kaya lokacin salla ta girgiza daɓen, na'urar ta gusa. Me zai ci in sake? Awa biyu kacal! Amma da wane baki zan ce na yi kuskure gaban mutanen da suka gama tafa mini? Na kashe allon na naɗe kayana. Gaskiya ne, girman kai rawanin tsiya.

Baba ya bi ni har mota ya yi ƙasa da murya, "Ka koma ramin farko?" Na ce, "Na koma, Baba." Ya ce, "Ya ba ka daidai?" Na ce, "Wallahi daidai." Sai ya ce, "To Allah ya yi albarka, bari in haɗa injin."

Bayan sati bakwai shaf ya karye, injin ya tashi aiki gaba ɗaya. Alhaji ya ce leza ba ta ƙarya, Baba ne ya ɗaure ba daidai ba. Aka sallame shi, magana ta bazu daga Maƙarfi har Kudan cewa idon tsoho ya mutu. Ni kuwa aiki sai ƙaruwa yake, har injunan da Baba ya raina shekara da shekaru yanzu ni ake kira wa. Ina cin abinci da sunansa da na binne, kuma kullum sai na ji kunyar kaina.

Na ɗauka yana fushi da ni, shi ya sa na yi wata biyar ban taka Likoro ba. Jumma'ar da ta wuce na daure na je, na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa, ya rame. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya shiga gida ya fito da wayar nan a naɗe da dutsenta ya ajiye gabana. Ya ce, "Karɓi, ɗana. Ran nan na ga huɗu ya kauce, na'urarka ta ce a'a, kai kuma ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Ido da hannu duk sun ci amanata, ba zan ƙara taɓa injin mutane ba." Na yi kuka a gabansa, shi kuma ya zaci tausayi ne, yana ta ba ni haƙuri.

Awon ranar yana nan a cikin na'urar, ban goge ba. In na nuna wa Alhaji, aikina ya ƙare a ƙasar nan, ƙila har kotu, ga iyali. In na faɗa wa Baba, zan mayar masa da idonsa, amma zai san ɗan da ya raina ne ya rantse masa da Allah a kan ƙarya. Wayar tana cikin motata kwana shida ke nan, na kasa shiga da ita gida.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?