Matata Ya Tsaya Cikin Ruwa

Mubi, Litinin

Aikin farko: roƙon aron benci a Islamiyya da coci.

Malam Zailani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da jikoki, da zaman Zariya. Ka yi haƙuri da layin sama, daga littafin da nake rubuta ayyukana na yago takardar.

Malam, na yi ɓarna. Ka san ruwa ya ci gonaki a Duvu bana. Ƙungiyarmu ta shirya wasan kwaikwayo ranar Asabar, kuɗin shiga mudun hatsi, don mutanen su samu na ci da na iri. Ni na rubuta wasan. Babban ɗan wasanmu Zira ne, makanike ɗan Michika da ya yi aure a Duvu. Gonarsa ma ta tafi, kuma labarin matarsa Laraba na rubuta. Saboda shi mutane za su zo.

Jiya wajen gwaji ya ce, "Matata ya tsaya cikin ruwa, ya riƙe buhun iri a kai." Na ce, "Ta tsaya." Ya sake, na sake. Sau bakwai, a gaban kowa. Sai ya ajiye takarda ya ce, "Kaumi, ni na gan shi cikin ruwan, ba kai ba. In ta kake nema, je Kano ka ɗauko." Ya hau babur ya tafi, kuma ba ya ɗaga waya.

Kai ka koya mini Hausa shekara biyar. Laifi na yi da na gyara? In na ƙyale, ina tsoron a ce ɗalibinka ya kasa raba mace da namiji.

Ɗalibinka,
Kaumi

Zariya, Laraba

Kaumi,

Wa alaikumus salam. Direba ya kawo takardarka, na karanta sau biyu, na yi dariya sau ɗaya.

Kai ne fa a aji ɗaya ka rubuta mini "mamana ya ce ba zan zo gobe ba." Na ja maka jan biro, kuma ko yau ka rubuta haka a jarrabawa zan ja. To amma wa ya ce maka Zira jarrabawa yake rubutawa? Mutum yana ba da labarin ranar da matarsa ta kusa mutuwa, kai kana tsaye kana duba masa nahawu.

Kuma bari ka ji. Shekara talatin na yi a Mubi. Makon jiya baƙo ya tambayi Hajiya, na ce masa, "Ya fita." Har yau jikokina ba su daina yi mini tsiya ba. Ban ji kunya ba, kewa na ji.

Kada ka kira shi a waya. Ka taka da ƙafarka.

Malaminka,
Zailani

Mubi, Lahadi

Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an tashi lafiya.

Ranar Alhamis na je garejin. Na tsara jawabin ban haƙuri a littafina, sakin layi uku, amma da na ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota sai duk ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Zira, Madam yana lafiya?"

Can ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Yana lafiya. Ashe ka fara iya Hausa."

Malam, da ka ga filin jiya! Tun azahar mata ke zuwa da mudu a ka, wasu daga Muchalla a kan acaɓa. Da Zira ya kai wurin "matata ya tsaya", ya faɗa yadda bakinsa ya saba, a hankali, yana kallon ƙasa. Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Gaskiya ne, ya tsaya! Ni na gani!" Sai matan Duvu suka ta da Laraba tsaye, tana rufe fuska da gyale, suna guɗa. Minti biyar wasa bai ci gaba ba. Na duba agogo.

Shagon maƙwabciyarmu Adiza da muka ara ya cika da hatsi har ƙofa ta ƙi rufuwa. Har yanzu ina ganin kashi na biyu ya yi tsawo. Amma ni na rubuta shi, Malam, kuma ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba.

Ka gaida Hajiya, ko ta fita ko ya fita.

Naka,
Kaumi

Na gobe:
Mayar da benci, ɗaya ya karye.
Neman mota zuwa Duvu.
Ba mutanen Michika amsa, suna so a kai musu wasan.
Zama da Dennis, mai fitowa a dagaci. Zira ya ce Hausarsa ta cika tsabta, sai an gyara.