Ciwon Wuyana da Kunnen Surukina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, Inna ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida.

Yaya, na san labari ya iso miki, gara ki ji daga bakina. Watannin nan na rame kamar ba ni ba, ga ci ba ƙoshi, ga zufa ko ana sanyi, hannuna na rawa a shagona na aski. Har unguwa ta fara cewa shaye-shaye nake. Ran nan surukina, baban matata, ya zo aski, aska ta kuɓuce na yanke shi a kunne. Jini har kan rigarsa. Maimakon in ba da haƙuri, sai na daka masa tsawa wai shi ya motsa, a gaban mutane! Wallahi da na dawo hayyacina na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari sai ga shi da auduga a kunne. Na ɗauka 'yarsa ya zo ɗauka. Ashe tun ranar askin ya hango kumburi a wuyana ta madubin shagon, ya ce in sa takalmi mu tafi asibiti.

Likita ta auna jinina, ta ce wani ɗan nama ne a gaban maƙogwaro ya wuce gona da iri. A cikinsa akwai ƙananan jakunkuna, kewaye da ƙwayoyin halitta masu haɗa sinadarin da ke tafiyar da jiki. Ƙwayoyin nawa sun ƙara tsawo, sun yi yawa har suna cunkushewa, suna ta zuba sinadarin a jini ba hutu, ajiyarsa da ke cikin jakunkunan ma ta kusa ƙarewa. Ta ce rawar hannun da saurin fushin duk daga nan ne. Ta ba ni magani, kuma na fara samun barci.

Sai dai har yau na kasa haɗa ido da bawan Allahn nan, surukina. Don Allah, Yaya, ki kira shi ki yi masa godiya. Ni in na buɗe baki, kuka ke zuwa.

Ki gaida maigidan, da Auta, da takwarar Inna. Uwargidana na gaishe ki.

Ƙanenki,
Mai aski